Gurbin Dada

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Yau falona ya koma shagon gyaran rediyo. Yayan Bushra ya iso da kwalaye tun da hantsi, shi da Isaac, abokin aikinsa na ma'aikatar gona. Suka ture kujeru, suka hau silin, suka yi ta jan waya. Asta, matarsa, tana biye da su da tsintsiya tana mita. Bushra, autata, aikinta ɗaukar hoto da ba da umarnin da ba wanda ya nema.

Na tambaye shi ko talabijin ɗinmu ta bebance ne ban sani ba. Ya ce, "Dada, ba ki gane ba. Wannan in ana ruwa a fim, sai kin ɗaga kai kin duba kwano."

Na ce ruwan Jalingo bai ishe shi ba kenan, sai ya sayo wani.

Sifika biyar ya kafa: uku a gaba, biyu a baya, sai wata ƙatuwa a ƙasa wadda ba ta iya komai ba sai gurnani. Da ta yi gurnanin farko sai da kofunan cikin kabad suka amsa. Amma abin da ya fi ɗauka da daraja wani baƙin akwati ne mai ƙaramar fitila shuɗiya. Furosesa, in ji shi. Ita ba ta da muryar kanta. Sauti take karɓa ta yanka, ta ba kowace sifika rabonta. Na ce ashe mai rabon tuwo ya kawo mana. Suna ya bi ta, yanzu duk gidan mai rabo ake ce mata.

Na yi ritaya daga makaranta don kunnena ya huta. Ga abin da na samu.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Wai sai an auna ɗakin. Mai rabo tana son ta san nisan kowace sifika da kunnen mai saurare. Ya kashe fanka, ya rufe tagogi, ya sa Bushra ta kora kaji bayan gida. Sannan ya ce in zauna a kujerata, ya tsayar da wani ɗan makirufo daidai tsayin kunnena, ya ce in tashi.

Isaac ya ce, "Oga, kujeranka za ka yi setin ai. Kai ne ya saya."

Ya ce, "Ni ina yawo. Dada ce kullum a gida."

Daga nan wata ƙara ta fara zagaya ɗakin, shuuu, daga wannan sifika zuwa waccan, mu kuma muna tsaye a bakin ƙofa ba mai motsi. Da ta gama sai ya ce yanzu duk gidan nan babu inda sauti ya cika sai a kujerata. Ban nuna a fuskata ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan magariba

Yaron nan ba ya jin magana. Ya dawo daga ofis da sabuwar dabara, wai zai gwada ko kowace sifika ta san wurinta. Kowa zai kira sunansa a makirufo, ya saka muryar a sifika ɗaya, shi kuma ya amsa daga ta tsakiya. Bushra ta kira. Asta ta kira tana rufe fuska tana dariya, 'yan zamani. Isaac ya kira da wannan harshen nasa da ke karya sunan gida biyu. Sai ya juyo da makirufon wajena.

Ya san abin da yake yi sarai. Shi ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunan nan ba, ko a takarda ba na rubuta shi in ba dole ba. Haka na tarar a gidanmu. Mahaifiyata tana ce wa abin semteende, kunya ke nan, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Ina cewa "kai", ya juyo. Ina cewa "yayan Bushra", kowa ya gane.

Ya riƙe makirufon a bakina yana murmushi. Na ci gaba da jan carbina. Da ya ƙi ɗaukewa na yi masa tsaki.

Ya ce, "To, na bar miki gurbinki, Dada. Duk ranar da kika shirya."

Ya haɗa abin a filashi ya kunna mana. Bushra daga hagu, shi daga tsakiya: "Na'am." Asta daga dama: "Na'am." Isaac daga baya: "Na'am." Sai sifikar da ke bayan kunnena na hagu, ba komai cikinta sai ƙarar carbi da tsakina, sannan maganarsa ta gurbi. Suka yi ta dariya har Asta ta ƙware. Ni ma na yi, amma a ɗakina.

Talata, 2 ga Satumba, da safe

Sun tafi Lau shi da Isaac, duba gonakin shinkafa na tsallaken ruwa. Ya ce Alhamis za su dawo. Ya bar kunun da na dama masa, wai sun makara.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan isha'i

Wayarsa ba ta shiga. Ba sabis a can, kowa ya sani.

Juma'a, 5 ga Satumba, da azahar

Isaac ya zo shi kaɗai. Rigar jikinsa ba tasa ba ce.

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

Gida ya cika. Mutanen unguwar Barade kaf sun zo, har da waɗanda rabona da su tun ina koyarwa. Kowa ya zauna sai ya ce kwale-kwale ya kife, sai ya ce Binuwai ta cika bana, sai ya kalle ni. An fito da mutane, wasu da ƙafarsu, wasu ba haka ba. Shi ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan.

Wata ta fara yi mini gaisuwar da ba ta dace ba, na ce ta sha ruwa tukuna. Ba a ga mutum ba, shi ke nan abin da aka sani. Yaron da ya iya iyo tun yana firamare.

Kunun na nan a firij. Na hana a zubar.

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Kwana biyu ba wuta. Ɗazu muna zaune a falo ni da Asta da Baffa Njidda, ƙanin marigayi mijina, sai aka kawo. Fitilar mai rabo ta kama. Ba wanda ya taɓa rimot.

Bushra ta kira daga bangon hagu. "Na'am."

Baffa Njidda ya miƙe har hularsa ta faɗi. Asta ta dafe bakinta. Muryar ta zagaya ɗakin yadda ya tsara ta, ta zo bayan kunnena, carbi, tsaki, sannan ya ce ya bar mini gurbina.

Baffa ya ce a cire wannan abu yanzun nan. Asta ta tsaya gaban akwatin ta ce duk wanda zai cire sai ya fara cire ta. Ban taɓa jin yarinyar nan ta ɗaga wa babba murya ba.

Isaac ya zo da rana ya yi bayani. Ya ce, "Mama, ba wani abu ba ne. In wuta ya dawo, injin yana tashi da kansa, sai ya kunna abin da ya kunna na ƙarshe. Setin ne kawai. In kina so zan kashe."

Na ce a bari, saboda Asta.

Laraba, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Wutar garin nan zuwa take tana komawa yadda ta ga dama, kuma duk zuwanta sai an kira shi. Ina kicin, ina alwala, ina shanya, sai in ji 'ya'yana suna kiransa daga falon da ba kowa. Maƙwabciyarmu ta daina aiko 'yarta karɓar ƙanƙara.

Asta tana barin duk abin da take yi ta ruga ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ni ba na rugawa. Ina dai samun kaina a kujerata kafin a zo gurbin.

Juma'a, 12 ga Satumba, da hantsi

Yau bai amsa wa Bushra ba.

Ta kira, aka yi shiru daidai tsawon amsar, sai Asta ta kira, ya ce na'am. Na zaci kunnena ne. Da aka sake kawo wuta da azahar na kasa kunne sosai. Bai amsa mata ba. Bushra ta shige ɗaki ta kulle ƙofa.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Isaac ya dawo daga Lau, kullum yana hanya yanzu, ya rame. Na ce ya duba sifikar tsakiya. Ya ce ƙila ɓera ne ya ci waya. Ya hau silin ya sauko da yana a kai, ya ce waya lafiya lau. Ya kunna labarai, mai karanta labarai ya yi magana daga tsakiya tas. Ya cire filashin ya saka a kwamfutarsa, duk amsoshin suna nan. Ya mayar cikin mai rabo. Bushra ta kira, shiru.

Ya daɗe a tsugune gaban akwatin. Sannan ya ce, "Mama, akwai magana da masunta ta ce in faɗa miki."

Na ce ina ji.

"Sun ce in ruwa ya riƙe mutum haka, uwansa ne zai zo bakin ruwa ya kira sunansa. Sun ce ruwa yana jin na uwa. Ni ban sani ba, Mama. Ni dai sun ce in faɗa."

Na ce masa mu Musulmi ne, addu'a muke yi, kuma ya gaishe mini da masunta. Ya ce to. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce a cikin ruwan yana riƙe da hannun yayan Bushra, wallahi yana riƙe da shi. Na ce ya je gida ya ci abinci.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan asuba

Ba zan je bakin ruwa ba. Wanda yake cikin ruwa ake kira a bakin ruwa.

Talata, 16 ga Satumba, da azahar

Ya daina amsa wa Isaac.

Akwai kuma wani abu a gurbina. Da can carbi ne da tsaki. Yanzu a ƙarƙashin carbin akwai wata ƙara, a hankali, irin ta ruwa in yana taɓa gefen jirgi. Na kira Bushra na ce ta saurara. Ta tsaya kusa da ni ta ce ba ta jin komai. Asta ma haka. Na ce ɗayarsu ta zauna a kujerata. Duk suka ƙi.

Shi ya ce duk gidan nan babu inda sauti ya cika sai nan.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Baffa Njidda ya zo da liman. Sun yi doguwar shimfiɗa, ƙarshenta dai suna son a yi masa sallah ko ba a gan shi ba, Asta ta san matsayinta, mutane su daina zaman jira. Baffa ya ce, "Adda, kin fi kowa sanin haƙuri. Ki ba mu izini."

Na ce wa za su yi wa sallah? Su nuna mini shi.

Liman ya yi mini nasiha mai kyau, ban ƙi ta ba. Suna cikin addu'ar tashi aka kawo wuta. Na ga liman yana bin bangon da ido, hagu, dama, baya. Da aka zo kaina sai ya sunkuyar da kai. Bai shafa addu'ar ba sai da gurbin ya ƙare, kuma ya daɗe bai ƙare ba. Tsakin nan nawa ban san na ja shi da tsawo haka ba.

Juma'a, 19 ga Satumba, da safe

Na zubar da kunun da kaina. Na wanke kofin na mayar inda yake ajiyewa.

Asabar, 20 ga Satumba, da yamma

Yau Asta ta kira, bai amsa ba.

Tana tsaye a tsakiyar ɗakin lokacin. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juyo ta durƙusa a gabana ta dafa gwiwata, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Dada, na je Lau ranar Laraba, ban faɗa miki ba. Na tsaya a bakin ruwan na kira shi har muryata ta dushe. Bushra ta kira. Isaac kullum yana kira. Ke kaɗai kika rage."

Na ce ta tashi.

Ta ce, "Ni ban san ko matar aure ce ni ko mai takaba ba. In yana raye ki kira shi ya dawo. In ba ya raye ki kira shi a ba mu shi mu rufe. Sau ɗaya kawai, Dada."

Na ce ba ta san abin da take nema ba. Ta ce ta sani. Ta tashi ta fita.

Ba ta sani ba. Duk wanda ya kira shi a gidan nan ya daina amsa masa. Ni ce kaɗai bai taɓa ƙin amsa wa ba. Tsoro nake ji, ba kunya ba, kuma ban san ranar da ɗaya ya koma ɗaya ba.

Litinin, 22 ga Satumba, da hantsi

Maganarsa ta ƙarshe ma ta tafi. Yanzu su uku suna kira, ba mai amsawa, sai a zo bayan kunnena a tsaya. Ba carbi, ba tsaki. Ruwan ne kawai. Ba ya ƙarewa sai an ɗauke wuta.

Bushra ta koma gidan ƙawarta a Abbare. Ta ce ba za ta iya jin muryarta tana kira haka ba. Ban hana ta ba.

Talata, 23 ga Satumba, bayan azahar

Na ɗauki rimot don in kashe. Na san maɓallin, shi ya nuna mini, ja ne a sama. Na riƙe shi har aka kira la'asar.

Laraba, 24 ga Satumba, da rana tsaka

Hadari ya haɗu tun safe bai zubo ba. Ba wuta tun jiya, an ce turken wuta ya faɗi a unguwar. Asta tana ɗakinta. Na shiga falo in ɗauki tabarau, ɗakin duhu-duhu, na zauna a kujerata don ƙafata ta huta.

Fitilar mai rabo a mace take. Na duba, na sake dubawa.

Ba wanda ya kira daga hagu ko dama. Gurbin ne kawai ya buɗe a bayan kunnena. Ruwa yana taɓa katako, yana komawa, yana taɓawa. A cikinsa akwai numfashi, irin na wanda ya gaji da tsayuwa amma ba ya son ya dami mutane. Na san numfashin nan. Haka yake yi a ƙofar ɗakina tun yana ƙarami, in yana son abu, ba ya sallama, sai ya tsaya har in ce "kai".

Na ce, "Kai."

Ruwan ya ci gaba.

Na ce, "Yayan Bushra."

Ba komai.

Harshena bai san hanyar sunan ba, sai da na fara gwada shi ba murya. Sannan na kira shi. Muryata ta fito ƙarama, ba irin wadda na yi shekaru ina tsawata wa ɗalibai da ita ba.

Ba daga sifikar tsakiya ya amsa ba. Daga nan kusa ne, daidai kafaɗata ta hagu.

"Na'am, Dada."

Ruwan ya tsaya. Ban juya ba. Na zauna har aka fara yayyafi a kan kwano, na ɗaga kai na duba.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan asuba

Isaac ya bugo daga Lau. Masunta sun same shi jiya da rana, a wani lungu da suka ce sun sha dubawa. Suna hanya.

Na tashi Asta na faɗa mata da bakina. Na aika a kira Bushra da Baffa Njidda. Na fito da farin yadin da na saya wa kaina na ajiye a ƙasan akwati.

Lahadi, 28 ga Satumba, da yamma

An gyara turke, an kawo wuta ɗazu muna zaune da masu gaisuwa. Mai rabo ta tashi. Bushra ta kira, na'am. Asta, na'am. Isaac, na'am. Carbi, tsaki, sai dariyarsa, ya bar mini gurbina. Komai ya koma yadda ya haɗa shi. Isaac ya ce ƙila wutar ce ba ta da ƙarfi kwanakin baya. Na ce ƙila.

Asta ta tambaye ni ko a cire filashin yanzu. Na ce a bar shi.

Da mutane suka watse na zauna a kujerata na kunna da kaina. Na jira aka zo kaina, na kira shi da ƙarfi yadda na ji sauran suna yi.

Jibrilla.

Bai amsa ba. Ya riga ya iso gida.